Narka dalma a tsakar gida: harsashin da ke samun yara tun ba a harba shi ba



Makon jiya wata uwa daga wani ƙauye arewa da Tawa, wajen hanyar Afala, ta aiko mana saƙon murya ta wayar maƙwabcinta. Ɗanta ne, saurayin da bai cika shekara 20 ba, ya gaji bindigar baushe ta kakanshi, irin wadda ake ce ma harba-ka-ruga. Yana so bayan girbi ya riƙa fita neman zomo da zabin daji. Wani abokinshi ya ce mashi ai tsofaffin maharba da kansu suke zuba harsashinsu, ba su saye. Sai ya samo mataccen batirin sola, ya fasa shi bayan ɗaki, ya jira uwar ta sauke tuwo, ya ɗora gwangwani bisa murhunta. Bai taɓa yi ba, kuma ba babban da ya tsaya kanshi. Wajen juyewa, ashe akwai damshi cikin mazubin, dalmar ta yi tartsatsi ta watsu mashi a hannu da ƙafa.

Uwar ta ce ƙunar ta fara warkewa. Abin da ya hana ta barci daban ne: ƙannenshi biyu sun tsince ƴan dunƙulen da suka watsu a ƙasa suna wasa da su, ƙaramin har baki yake kaiwa. Tana tambaya ko akwai wani abu.

Inna, akwai. Kuma mun gode da kika tambaya, don amsar ta shafi gidaje da yawa a Adar. Ba za mu koya ma kowa zuba harsashi a nan ba. Abin da za mu bayyana shi ne abin da dalma ke bari cikin gida bayan wuta ta mutu.

Mi ya sa ta yi tartsatsi?

Dalma, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma darma, ƙarfe ce mai nauyi da taushi. Tana narkewa a zafin digiri 327, abin da garwashin murhu ke iya kaiwa. Sauƙin nan shi ke ruɗin matasa. Ruwa kuwa yana tafasa tun a digiri 100. In ɗigon ruwa ko gumi ya shige ƙarƙashin narkakkiyar dalma, nan take yake zama tururi, kuma tururin yana neman wuri fiye da ninki 1,500 na ɗigon. Da ƙarfin nan yake watso dalmar sama. Yaron nan ya yi sa'a a hannu ta same shi. Da a ido ne, wata magana ake.

Ga batirin kuma, ruwan cikinsa asid ne mai cin fata da tufafi, yana makantarwa in ya shiga ido.

Wanda ya ƙone, a zuba ma wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi likita. Kar a shafa man goge baki, ko man shanu, ko ɗanyen ƙwai, ko toka.

Ƙunar da ba a gani

Ƙuna dai ana ganinta, ana jinya, ta warke. Gubar dalma ba ta da wari, ba ta sa zafi lokacin da take shiga. In an fasa batiri, akwai wani gari-gari da ke manne a farantan ciki, yana zuba ƙasa. In an narka, dattin da ke tasowa sama ana kwashe shi a yar gefe, ya bushe ya zama ƙura. Hayaƙin ma yana sauka bisa tabarma, bisa ƙwaryar fura, bisa bakin randa. Dalma ba ta ruɓewa kamar kashin awaki. In ta shiga ƙasar tsakar gida tana nan shekara da shekaru, iskar hunturu na tada ta, tsintsiya na raba ta ɗaki-ɗaki.

To wa ke zaune a ƙasar nan? Mai rarrafe. Shi ke sa hannu a ƙasa ya mai da baki sau ba adadi a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke tsotsewa, kuma ba wani ɗan ma'auni nata cikin jini da aka san ba ya cutarwa. Yaron da cikinshi ba komi, ko wanda jininshi ya yi ƙaranci, ya fi saurin ɗauka. Mu da muka san yadda damina ke riskar rumbunanmu, wannan magana tamu ce.

Jiki yana ɗaukar dalma kamar kalsiyam ce, sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya ajiye ta cikin ƙashi da haƙora. Mace in ta samu ciki, abin da ke ajiye yana komowa jini ya isa ga ɗan da ke ciki. A ƙwaƙwalwar yaro take ɓarna mafi muni: jinkirin magana, rashin riƙe karatu, yawan fushi. Irin yaron da ake ta duka a lakkwal ko a makarantar allo ana cewa daƙiƙi ne, wani lokacin ba laifinshi ba ne. Abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa ba ya komowa. In ta yi yawa kuma sai ciwon ciki, amai, taurin bayan gida, kasala, sannan jijjiga da suma, har mutuwa. Babba ma bai tsira ba: hawan jini, ciwon ƙoda, da raunin haihuwa.

Abin da ya faru a maƙwabta

Ba nesa ba ne. A shekarar 2010, a jihar Zamfara, yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Ƴargalma. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ana ba da magani ba ya ci. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jini, aka gane dalma ce. Dutsen zinariya ne ake kawowa gida ana daka ana niƙa, kuma dutsen cike yake da dalma. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Kafin magani ya yi amfani sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, don in an yi ma yaro magani ya koma bisa ƙasar da ta sa mashi ciwon, aikin banza ne. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Wani zai ce wannan ai zinariya ce, mu batiri ɗaya ne. To ku ji na Senegal. A Thiaroye-sur-Mer, bakin birnin Dakar, mutane sun daɗe suna fasa tsofaffin batiran mota suna cire dalma. Da farashinta ya tashi, mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin suna kai ta gida, da goyo a baya. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwa guda. Batiri ne, irin wanda ke jingine bayan ɗakunanmu.

A 2020 asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun fitar da rahoton da ya ce yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai a damu, kuma fasa batiri ba bisa ƙa'ida ba yana cikin manyan dalilai. Duniya ta yi shekaru tana yaƙi kafin a daina sayar da man fetur mai dalma, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Kar mu kuma mu dawo da ita da hannunmu bisa murhun tuwo.

Ba maharba kaɗai ba

Masunta na tafkin Tabalak da sauran tafkunanmu, masu narka dalma don nauyin taru da birgi, wannan magana da ku ake. Haka masu gyaran batiri da masu like da dalma. Haka makiyaya: shanu suna son lasar fasasshen batiri, kuma yana makantar da saniya ya kashe ta cikin ƴan kwanaki.

Akwai kuma kwalli. Tozalin dutse, mai baƙi da ƙyalli, mafi yawansa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma a jinin wani jariri, suka bi sawu har suka gano kwallin da aka kawo daga Najeriya ake sa mashi. Da aka auna, fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce. Kakanni, mun san al'ada ce kuma da ƙauna ake yi, amma idon jariri ya fi lafiya ba kwalli.

Naman da aka harba da dalma ma, ɓarɓashinta kan watsu kewaye da raunin. Dahuwa ba ta kashe ta. Yara da masu ciki su bar irin wannan nama.

Gidan da aka riga aka narka, mi za a yi?

A tsince duk dunƙulen da dattin a ƙulle cikin leda, nesa da yara da bisashe. Gwangwani, cokali ko tukunyar da ta taɓa dalma ta bar madafa har abada, wanki ba ya tsarkake ta. Kar a share wurin a bushe. A yayyafa ruwa, a kankare ƙasar sama da tokar murhun, a rufe su cikin rami nesa da rijiya, gona da makwancin dabbobi, a zubo sabon rairayi. Tufafin wanda ya yi aikin a wanke su daban. A riƙa wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci, a shimfiɗa ma mai rarrafe tabarma.

A kai yaran likita ko da lafiyarsu lau ake gani, kuma a faɗa ma ma'aikacin lafiya a fili cewa an narka dalma a gidan. In ba a faɗa ba, zai yi ta neman zazzaɓi. Awon jini kaɗai ke tabbatar da gubar, kuma akwai maganin da ke fitar da ita in ta yi yawa, amma likita ne ke ba da shi. In yaro ya haɗiye dunƙule, ko ya fara amai da jijjiga, kar a tsaya turare da rubutu a ce iska ce, a nemi mota zuwa babban asibitin Tawa. Nono, wake, zogala, kifi da nama suna rage yadda jiki ke tsotsar dalma, amma masu cewa a sha madara bayan aiki ta wanke guba, wannan ba gaskiya ba ce.

Sai maganar hukuma. Riƙe bindiga a Nijar sai da izini, farauta ma sai da takardar ma'aikatan gandun daji, bisa dokar 1998. A halin tsaron da jiharmu ke ciki, inda aka sa Tiliya da Tasara ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, saurayin da aka kama da bindiga da harsashin gida, bayanin zomo ba lalle ya fisshe shi ba.

Ku kuma ƴan bida na Abijan, Kwatano, Legas, Libiya da Aljeriya, ku ne kuka sa wuta a gidaje da yawa da kuɗin sola, Allah ya saka maku. Amma batiri yana mutuwa. In kun bugo waya, bayan kun tambayi hatsi da lafiyar tsofaffi, ku tambayi ina tsohon batirin yake. Ku ce a mai da shi ga mai sayarwa ko masu sayen tsoho yadda yake, a rufe, ba a fasa ba, ba a zubar da ruwan ba.

Inna, ki gaida mai jiki, kuma kar a yi mashi faɗa fiye da kima, bai sani ba ne. Ki kai ƙannen nan likita cikin makon nan. Wanda ke da tambaya ya aiko saƙon murya, za mu karanta a shirin lafiya mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mana zuri'a.