Kayan Aikin Rumbun Zamani da Matsalar Raɗa Musu Suna a Hausa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin adana hatsi, kuma harshensa ya wadata da kalmomin wannan fage: rumbu, rufewa, dami, zangarniya, tsaba, sussuka, shiƙa, ƙaiƙayi. Amma da aka kakkafa manyan rumbunan ƙarfe na gwamnati a wurare irin su Minna da Gombe da Jahun, sai kayan aikinsu suka zo da sunayen Turanci kawai. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana aikin waɗannan na'urori, sa'an nan ta nuna cewa daga aikin nasu ya kamata a ciro musu suna.

2.0 Bambancin Rumbunan Biyu

A rumbun gargajiya galibi dami ake jerawa, iska tana ratsa zangarniya. Dalar gyaɗa ta Kano kuwa buhuna ne aka ɗora bisa juna. A rumbun zamani tsaba ake zubawa tsagwaronta, ba buhu ba dami, ta dubban tan. Tsaba mai wannan yawa kwarara take yi kamar ruwa. Hannu ba ya iya ɗaukarta, ido kuma ba ya ganin tsakiyarta. Saboda haka na'urorin suka kasu gida biyu: masu jigila da masu sa ido.

3.0 Na'urorin Jigila

Mota takan hau sikeli, ta juye hatsi cikin rami mai siffar mazurari, a tace shi daga tsakuwa da ƙaiƙayi. Daga nan sai na'urori uku su karɓa.

(a) Mai hawa da hatsi sama. Bel ne a tsaye, an jera masa ƙananan mazubai, suna ɗiba a ƙasa suna juyewa a ƙololuwa. A birnin Baffalo na Amurka aka fara sauke hatsin jiragen ruwa da irinta mai aiki da tururi, a 1843, bisa ƙoƙarin Joseph Dart da Robert Dunbar. Aikinta aikin guga ne a rijiya, don haka "jerin guga" ya dace da ita.

(b) Murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa cikin bututu yana tura hatsi gaba. Idan muka bi ƙirar sunayen kayan aiki masu ɗafin ma- a farko da -i a ƙarshe, kamar ma'auni da matankaɗi, sai mu sami "maturi". Ƙaninsa mai zagaya gindin rumbu yana tattaro ragowa shi ne "mashari".

(c) Shimfiɗaɗɗen bel ko sarƙa mai jan hatsi a kwance daga wannan rumbu zuwa wancan. A nan babu buƙatar ƙirƙira, domin bel da sarƙa sun riga sun zauna a bakin makanikai.

4.0 Na'urorin Sa Ido

Abin lura shi ne ƙwayar hatsi tana da rai, tana numfashi, tana fitar da zafi da laima. Idan danshin masara ya zarce kimanin kashi 13 cikin 100, fumfuna da ƙwari sukan sami wurin zama, su ma su ƙara zafi. A ƙasa irin tamu kuma rana takan gasa bangon ƙarfe, dare ya sanyaya shi, sai gumi ya taru a rufi ya ɗiga kan hatsin, ya dunƙule ya ruɓe.

Magidanci yakan gane haka ta hanyar cusa hannu, da sansanawa, da gasa wa ƙwaya haƙori. A rumbun zamani wayoyi ne ake ratayowa daga rufi har ƙasa, kowace da ma'aunan zafi jere a jikinta. Idan wuri guda ya ɗara maƙwabtansa zafi, alama ce ɓarna ta soma, sai a kunna fanka ta hura iska ta ƙarƙashi, ko a juye hatsin zuwa wani rumbu. Akwai kuma ma'aunin danshi, da ma'aunin cika, da mai gano iskar da ƙwari da fumfuna suke fitarwa. Kalmar "ma'auni" ta ishe su duka, sai dai a bi ta da sunan abin da ake aunawa.

5.0 Dalilin Damuwa

Wannan batu ba na ƙawa ba ne. Ƙurar hatsi idan ta cika rufaffen wuri ta gamu da tartsatsi, fashewa take yi: a 1977 mutum 36 suka hallaka ta haka a Westwego, cikin Jihar Luwiziyana ta Amurka. Haka kuma wanda ya shiga rumbu maturi yana aiki, hatsi yana iya haɗiye shi nan take. Leburan da zai kiyaye waɗannan haɗurra da Hausa yake tunani, kuma gargaɗin da bai fahimta ba ba zai tsare shi ba.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, hanyoyi uku muka bi: faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, ƙira bisa ƙa'idar harshe, da karɓar aron da ya riga ya zauna. Abin da ya rage ga manazarta shi ne su je rumbunan su saurari sunayen da ma'aikata suka riga suka laƙaba wa na'urorin, domin duk sunan da mai aiki bai karɓa ba, a ƙamus zai tsaya.