Annobar Korona da Zumuncin Ƙasashe

Sa'ad da annobar korona ta game duniya a shekarar 2020, har Saudiyya ta rufe ƙofarta ga alhazan waje shekara biyu a jere, maniyyatan Birnin Kudu da Gwaram sun ga yadda hukuncin wata daula mai nisa yake ratsowa har zauren talaka. Al'amarin rigakafi ya fi wannan ɗaci, domin dauloli masu hali sun rigaya sun saye galibinsa, Nijeriya kuwa ba ta sami kason farko ta hannun shirin raba rigakafi na COVAX ba sai ranar 2 ga Maris, 2021. Wanda aka ba mu sadaka daga bisani ya iso a ƙurarren lokaci, har hukuma ta lalatar da allurai fiye da miliyan 1 a Abuja cikin Disambar shekarar, saboda wa'adinsu ya ƙare.