Yadda Za Ka Sauƙaƙa Wa Kwastomomi Yaba Shagonka a Google Maps

Baƙon da ya shigo Wurno, Rabah ko Goronyo yana neman mai gyaran waya, Google Maps zai fara dubawa. Shagon da babu wanda ya yaba, wuce shi zai yi.

Yawanci ba ƙi kwastoma yake yi ba, laluben shagon a waya ne ke gundurarsa. Ka buɗe Google Business Profile kyauta, ka kwafo adireshin neman ra'ayi, ka tura masa ta WhatsApp. Yana dannawa zai ga taurari biyar, ya zaɓa. Ka kuma buga lambar QR ka manna a ƙofa.

Wanda rubutu ke ba wuya, ya yi magana kawai: tun 2024 Gboard yana rubuta Hausar da aka faɗa.

Amma kada ka sayi yabo da katin waya ko ragi. Google ya haramta, kuma yana gogewa.