Ƙasa Ba Dutse, 'Ya'yanta Na Tashi Sama

Ƙulin ƙulifita! Akwai wata ƙasa a gabashin Turai, Belarus, wadda tudunta mafi tsawo bai wuce mita 345 daga saman teku ba. Birnin Kano ya haura mita 400. Wato mai tura baro a Kantin Kwari da ke Fagge, da mai sayar da tumatir a kasuwar Sabon Gari, duk suna tsaye sama da ƙololuwar ƙasar nan. Amma a wasan alkafura kan dusar ƙanƙara, wanda kowa ke ɗauka na 'yan tsaunuka ne, mazan Belarus sun ci lamba a gasar Olamfik ta hunturu sau biyar a jere. Ta yaya?

Ga yadda wasan yake. Mutum zai ɗaura dogayen allunan zamiya a ƙafa, ya gangaro da gudun da ya haura kilomita 60 a awa, ya hau wani tudun ƙanƙara da aka lanƙwasa bakinsa sama. Tudun zai cilla shi kusan tsayin bene mai hawa huɗu. A can zai yi alkafura uku, yana murɗa jiki sau huɗu ko biyar, sannan ya dira a kan ƙafafunsa. An fara raba lambobi a wasan a Lillehammer a 1994.

Zato na farko: sa'a ce. To, a duba lissafi. Dmitri Dashinski ya ci tagulla a Nagano a 1998. Alexei Grishin ya ci tagulla a 2002. Dashinski ya dawo ya ɗauki azurfa a 2006. Grishin ya ci zinare a Vancouver a 2010, zinaren farko da ƙasar ta samu a gasar hunturu, Anton Kushnir kuma ya maimaita a Sochi a 2014. Sa'a ba ta yin sallama gida ɗaya shekara goma sha shida. A ajiye wannan.

Ko kuɗi ne? Da kuɗi ne, da Norwe da Ostiriya sun cinye. Suna da arziki, suna da duwatsu, yaransu da allunan zamiya suke tasowa. Amma ba ɗaya a cikinsu da ta taɓa cin zinaren maza a wannan wasa.

Wani zai ce alƙalai ne ke ɗaure musu gindi, tunda maki ake bayarwa, ba agogo ke yanke hukunci ba. Wannan zaton ya ɗan tsayar da ni. Sai dai a 2018, da Kushnir ya kasa kaiwa zagayen ƙarshe, shugaban Belarus da kansa, Alexander Lukashenko, shi ya fito yana kukan an zalunci ɗan ƙasarsa. Ashe su ma ana kayar da su a teburin alƙalai.

Ba sa'a ba. Ba kuɗi ba. Ba alfarma ba.

Mai karatu, ka ba ni gari?

Kafin na karɓa, ga wata alama. Wa ya zo na biyu a bayan Kushnir a Sochi? David Morris. Daga ina? Ostiraliya. Ƙasar rairayi da zafin rana. Me ya haɗa ta da Belarus?

Ruwa.

Wannan wasa ba a kan ƙanƙara ake koyonsa ba. Da bazara ɗan wasa yakan sa hular kwano da rigar hana nutsewa, ya ɗaura allunansa, ya gangaro ta kan wani tudu da aka shimfiɗa wa roba, ya tashi, ya juya, ya faɗa cikin tafki. A manyan wuraren horo ana buso iska daga ƙasan tafkin, ruwan ya yi kumfa ya yi laushi, don kada faɗuwar ta ji masa ciwo. Ya fito, ya hau matakala da jiƙaƙƙen kaya, ya sake. Sai ya ƙware da salo a ruwa ake barinsa ya gwada shi a kan ƙanƙara. Kafin ruwan ma akwai tarambolin, shimfiɗar nan mai cilla mutum sama, inda ake ɗaura masa igiya a ƙugu yana koyon yadda sauke hannu ɗaya ke karkata jiki ya fara murɗawa.

Dubi yadda ake raba makin, sai komai ya fito fili: kashi 20 na tashi, kashi 50 na kyawun juyi a iska, kashi 30 na dira. Gangarowar kuwa miƙaƙƙiya ce, ba kwana, ba kauce-kauce. Rabin makin yana cikin daƙiƙa uku da mutum zai yi ƙafarsa ba ta taɓa komai. Wanda ya fi dacewa da wannan shi ne yaron da ya san inda ƙasa take ko da kansa na ƙasa ƙafafunsa na sama. Belarus ta gaji makarantun wasannin lanƙwasa jiki daga Tarayyar Sobiyet, ta kuma samu koci, Nikolai Kozeko, da ya shafe shekaru yana riƙe da tawagar. Ƙaramin tudu ya ishe su.

Sauran ma haka suka bi. Morris ɗan wasan lanƙwasa jiki ne kafin ya koma ƙanƙara. Alisa Camplin, 'yar ƙasarsu da ta ci zinaren mata a 2002, a wani kududdufi kusa da Melbourne ta yi atisaye. Han Xiaopeng, namiji na farko da ya ciwo wa Sin zinare a gasar hunturu, a Turin a 2006, da alkafura ya fara tun yana yaro.

Shi ya sa nake jin zafin yadda muke korar yaran da ke alkafura a kan tulin yashin magina a unguwanninmu, muna ce musu za su karya wuya. Tsoron gaskiya ne, maganinsa kuma katifa da koci. Ba na cewa gobe za mu tura su kan ƙanƙara. Tarambolin kansa wasan Olamfik ne tun gasar Sydney ta 2000, kuma a cikin zaure ake yinsa, da rani ko da damina.