Kalma Ɗaya, Ƙasashe Biyu: Amfani Da Haɗarin Ɗinkakken Adireshin Intanet

Duk wanda ya saba karɓar saƙo ta wayar hannu ko ta kwamfuta ba zai rasa cin karo da wasu gajerun adireshi ba, irin su youtu.be da bit.ly da wa.me. Galibin mutane sukan danna su ne kawai su wuce, ba tare da sun tsaya sun tambayi abin da ya sa ɗigo ya faɗo a tsakiyar kalma ba. To, wannan ɗigo da gangan aka sa shi. Haruffa biyun da ke bayansa sunan wata ƙasa ne a taƙaice: "be" na Beljiyam ne, "ly" na Libiya, "me" kuwa na Montenegro. Duk wanda ya jingina sunansa da waɗannan haruffa ya shiga ƙarƙashin dokar ƙasar da ta mallake su, ko ya sani ko bai sani ba.

Wannan dabara ta haɗa gaban adireshi da wutsiyarsa don su tashi kalma guda ta jawo wa wasu kamfanoni suna, ta kuma jawo wa wasu ƙananan ƙasashe dukiyar da ba su taɓa zato ba. Amma akwai waɗanda ta jefa cikin asara. Saboda haka ya kamata ma'aikaci da ɗalibi su san yadda abin yake kafin ranar da za a ce su zaɓa wa ofis ko ƙungiya suna.

ASALIN WUTSIYA

Na'urorin da ke kan intanet da lambobi suke gane juna. Da yake lambobi suna da wuyar haddacewa, sai wani masani ɗan Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara hanyar ba su sunaye a shekarar 1983. Kowane suna yana da gaba, yana kuma da wutsiya, watau abin da ke bayan ɗigo na ƙarshe. An yi wutsiyoyin gama-gari irin su .com da .org da .net, kuma sunan farko da aka yi wa rajista a .com shi ne symbolics.com, ran 15 ga Maris, 1985.

Ban da waɗannan, an ware wa kowace ƙasa haruffa biyu. Jon Postel, wanda ya daɗe yana kula da rabon, bai so ya zama shi ne alƙalin da zai ce wannan ƙasa ce, wannan ba ƙasa ba ce. Sai ya dogara da jerin sunayen da hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta riga ta fitar, wanda ake kira ISO 3166. Ta haka Nijeriya ta sami .ng, Nijar ta sami .ne, Gana .gh, Kamaru .cm. Har tsibiran da ba su da cikakken 'yanci sun sami nasu. Tun daga 1998 hukumar ICANN ce ke lura da tsarin baki ɗaya, amma kowace ƙasa ita ke shimfiɗa sharuɗɗan wanda zai shiga wutsiyarta, da abin da zai biya, da laifin da zai sa a kore shi.

Ba a yi nisa ba mutane suka lura cewa waɗansu daga cikin haruffan nan sun yi daidai da ƙarshen kalmomi. A 1992 aka yi rajistar inter.net. Amma wanda ya fi fito da dabarar fili shi ne del.icio.us, wanda Joshua Schachter ya kafa a 2003 don mutane su riƙa adana adireshin wuraren da suka yi musu daɗi. In aka cire ɗigogin, abin da zai rage kalmar Ingilishi ce mai nufin abu mai daɗin ci, kuma "us" ɗin ƙarshe wutsiyar Amurka ce.

Mai karatu zai fi fahimtar abin in aka gwada da sunayen gida. Bisa wannan tsari ana iya rubuta soko.to da wutsiyar tsibirin Tonga, gom.be da yo.be da ta Beljiyam, kadu.na da katsi.na da ta Namibiya, ka.no da ta Norway, hau.sa kuma da ta Saudiyya. Wutsiyar Nijar ma, watau .ne, ta yi daidai da kalmar nan da Bahaushe ke rufe magana da ita. Sai dai iya rubutawa daban, samun izini daban. Norway, alal misali, ba ta ba da .no sai ga kamfanin da ke da rajista a ƙasarta ko mutumin da ke zaune a cikinta.

ABIN DA YA SA AKE SO

Dalili na farko shi ne ƙarancin sunaye. Gajerun kalmomi masu daɗin faɗa an daɗe da kwashe su a .com, wanda kuwa yake son ya saya daga hannun mai shi sau da yawa sai ya biya kuɗi mai tsoka. Sabon kamfani mai ƙaramin jari yakan ga gara ya leƙa wata wutsiyar. Haka Instagram ya yi a 2010, sa'ad da ya fara da instagr.am, ya aro haruffan ƙasar Armeniya.

Dalili na biyu shi ne tsimin wuri. Daga 2006 har zuwa 2017 dandalin Twitter bai yarda saƙo ya wuce haruffa 140 ba, alhali dogon adireshi guda yana iya cinye rabinsu. Wannan ya buɗe kasuwar masu gajarta adireshi. An kafa bit.ly a 2008, sa'an nan a watan Disamba na 2009 aka fito da youtu.be da kuma goo.gl, wanda kamfanin Google ya gina a kan wutsiyar Greenland. Gidajen watsa labarai ma sun bi sahu: BBC tana amfani da bbc.in, wutsiyar Indiya ke nan, jaridar New York Times kuwa da nyti.ms, na tsibirin Montserrat.

Dalili na uku shi ne sauƙin tunawa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Adireshin da ya tashi kalma guda yakan zauna a ƙwaƙwalwa, yana kuma da kyan gani a jikin allo ko takardar talla.

ƘASASHEN DA SUKA TSINCI DAMI A KALA

Tuvalu tarin ƙananan tsibirai ne a tekun Pasifik, mutanenta kimanin 11,000. Rabonta ya faɗo a kan .tv, haruffan da duniya ta sani da talabijin. Ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 50 cikin shekara 12 da wani kamfanin Amurka, kuma kuɗin ya taimaka mata ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2000.

Tsibirin Anguilla, wanda ke yankin Karibiyan a ƙarƙashin Ingila, shi ma ya dace. Wutsiyarsa .ai ce, haruffan da ake taƙaita sunan ƙirƙirarriyar basira da su a Ingilishi. Bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 kamfanoni suka yi ca a kanta. A 2023 tsibirin ya sami kimanin dala miliyan 32 daga rajistar sunaye, abin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatinsa. Ba rijiyar mai, ba ma'adini, haruffa biyu ne kurum.

KAYAN ARO BA YA RUFE KATARA

Babban abin da ya kamata a riƙe shi ne, sunan intanet haya ake yi, ba a mallakarsa har abada. Ana biya ana sabuntawa, kuma mai gida yana da ikon tayar da ɗan haya. A 2010 hukumar da ke kula da .ly ta soke wani adireshi mai suna vb.ly, wanda masu shi ke zaune a Amurka, bisa hujjar cewa abin da ke cikinsa ya saɓa wa dokokin Libiya. Duk adireshin da aka gajarta ta hanyarsa ya daina aiki. A shekara ta gaba yaƙi ya ɓarke a ƙasar, aka kuma katse intanet. Bit.ly ya ci gaba da aiki domin wasu daga cikin na'urorin da ke riƙe da wutsiyar suna wajen Libiya, amma duk da haka a cikin 2011 kamfanin ya mai da babban gidansa bitly.com.

Siyasa ma takan taɓa sunan mutum ba tare da ya yi laifin komai ba. Sa'ad da Ingila ta gama ficewa daga Tarayyar Turai, an dakatar da sunaye fiye da 80,000 na mazauna ƙasar da ke kan .eu a ranar 1 ga Janairu, 2021. Ƙasa kuma takan wargaje ta tafi da wutsiyarta, kamar yadda aka share .yu ta tsohuwar Yugoslabiya a 2010. Har wa yau akwai .io, wadda kamfanonin fasaha ke ƙauna. Ita ta yankin tsibiran Chagos ce a tekun Indiya. Da Ingila ta ba da sanarwa a watan Oktoba na 2024 cewa za ta miƙa tsibiran ga Mauritius, aka kuma sa hannu a yarjejeniya a watan Mayu na 2025, hankalin masu sunaye a kanta ya tashi, domin wutsiyar ƙasa tana rataye ne da wanzuwar sunan yankin a jerin ISO.

Wani lokaci kuwa kamfanin ne da kansa yake gajiya. Google ya daina ba da sababbin adireshin goo.gl a 2019, sa'an nan a watan Agusta na 2025 ya kashe waɗanda aka daina amfani da su. Ɗalibin da ya sa irin wannan adireshi a ƙasan shafin kundin bincikensa yana iya wayar gari ya tarar hujjarsa ba ta kai kowa ko'ina.

Akwai kuma matsalar kunne da hannu. Abin da ya yi kyau a ido ba lalle ya yi daɗin faɗa a rediyo ba. Mutane sun yi ta mantawa da inda ɗigogin del.icio.us suke, har kamfanin Yahoo, wanda ya saye shi a 2005, ya mai da shi delicious.com a 2008. Wani kamfanin sayar da kaya na Amurka, Overstock, ya koma kiran kansa o.co a 2011, amma kafin shekarar ta ƙare ya ja da baya, don masu saye da yawa o.com suke bugawa.

RABON NIJERIYA

Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da .ng. Wutsiyar tana da farin jini nata, gama kalmomin Ingilishi da ke ƙarewa da "ng" ba su ƙidayuwa, har ma an ware wani sashe mai suna i.ng. Amma kasuwar ta cika da 'yan takara. A 2012 ICANN ta buɗe ƙofar sababbin wutsiyoyi ga duk wanda zai biya dala 185,000 kuɗin nema, aka kuma sami fiye da 1,000. A cikinsu akwai .ing, wadda Google ya fara sayarwa a ƙarshen 2023. Yanzu mai neman ɗinka kalma ba dole ba ne ya je aro wata ƙasa, ko da yake a nan ma ɗan haya ne, sai dai mai gidan kamfani ne.

Ga ma'aikacin gwamnati hanya a bayyane take. An keɓe .gov.ng don ma'aikatu da hukumomi, .edu.ng kuma don manyan makarantu, kamar abu.edu.ng na Jami'ar Ahmadu Bello da buk.edu.ng na Jami'ar Bayero. Ba kowa ake ba waɗannan ba, kuma a nan darajarsu take. Ofishin da ya bar su ya ɗauki sunan ƙawa a wutsiyar wata ƙasa ya sa wasiƙunsa da sanarwarsa ƙarƙashin dokar da ba shi da ta cewa a cikinta.

Ga ɗalibi kuwa, sanin wannan tsari kariya ce daga mazambata. Gajeren adireshi yana ɓoye inda zai kai mutum, shi ya sa masu tallan gurbin karatu ko aikin yi na ƙarya suke son sa. Adireshi daga dama ake karanta shi: a nemi inda sunan ya ƙare kafin layin nan mai karkata na farko, a duba wutsiyar da kalmar da ke gabanta, su ne za su nuna mai gidan. In sanarwa ta ce daga hukumar gwamnati take, amma inda ta kai mutum bai ƙare da .gov.ng ba, to, a bincika kafin a ba da lambar asusu ko a tura kuɗi.

Manyan kamfanonin da suka ci ribar wannan dabara kusan hanya ɗaya suka bi. YouTube da Instagram da Bitly duk suna riƙe da cikakken sunansu a .com, gajeren kuwa ɗan aike ne mai kai baƙo gida. In ɗan aike ya ɓace, gida yana nan. Duk wanda zai zaɓi suna, ya fara karanta sharuɗɗan ƙasar da ke da wutsiyar, ya tabbata ya san ranar sabunta haya, ya kuma kafa gidansa a inda doka za ta saurare shi in rigima ta taso.