Ɗan Wa Ne? Abin da Ke Gaskiya da Abin da Ke Jita-jita Kan Ciki da Gado

A Tamanrasset ta Aljeriya, inda 'yan ci-rani daga Nijar suke zaune tare da Buzaye da Larabawa a unguwanni irin Sersouf, magidanci kan daɗe bai leƙa gida ba. Da an yi haihuwar da ta zo da abin mamaki, sai tsegumi ya tashi, kuma a kan mace yake sauka. Ga maganganu huɗu da ake yawan yi.

"Ciki kan kwanta shekaru, sannan ya tashi." Likitoci ba su tabbatar da kwantaccen ciki a jikin ɗan Adam ba. Cikinmu mako 40 ne, da ɗan ƙari ko ragi. Abin da kan faru shi ne ɗaukewar jinin al'ada ko ɓarin da ba a lura ba, daga baya a sami sabon ciki. A fagen shari'a kuwa maganar daban ce. Fiƙihun Malikiyya ya ba da tazarar shekaru, kuma tana cikin hujjojin da suka kuɓutar da wata mata, Amina Lawal, daga hukuncin zina a Katsina a 2003. Dokar iyali ta Aljeriya ta 1984 kuma ta tsaya a wata goma.

"Baƙaƙe ba sa haifar zabiya." Ƙarya ne. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittar zabiya a ɓoye, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, daidai da lissafin sikila tsakanin AS da AS.

"Tagwaye na iya zama 'ya'yan maza biyu." Gaskiya ne, amma da wuya ƙwarai. Sai mace ta saki ƙwai biyu a wata guda, ta kuma sadu da maza biyu a kusa-kusa, ga shi maniyyi kan rayu har kwana biyar. Wata kotu a New Jersey ta Amurka ta tabbatar da haka a 2015. Bambancin kama ko launi kaɗai ba hujja ba ne.

"Gwajin DNA ba ya kuskure." Yakan ruɗe, jefi-jefi. A 2002 gwaji ya nuna Lydia Fairchild ta jihar Washington ba ita ce uwar 'ya'yanta ba, har wanda ta haifa a gaban shaidar kotu. Ashe tun tana cikin mahaifiyarta ta haɗe da abokiyar tagwaitakarta, jikinta ya zama mai DNA iri biyu.

Saboda haka, kafin a ɓata sunan mace da jaririnta, a je asibiti a yi gwaji, a kuma nemi ƙwararre ya fassara sakamakon.