Babban Inji A Ƙaramar Mota: Sana'ar Masu Motocin Ƙwanji A Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani rukunin motoci da ake yi wa laƙabi da masu ƙwanji, wato motoci matsakaita masu ƙofa biyu, waɗanda tayoyin baya ke turawa, aka kuma ɗora musu injin da a bisa al'ada ya fi ƙarfin jikinsu. Injin kuwa shi ne wanda ake kira V8, mai silinda takwas da aka jera huɗu a dama huɗu a hagu, suka haɗu a gindi kamar harafin V. Wannan tsari na sa injin ya gajarce, ta yadda za a iya cusa silinda takwas a ƙarƙashin bonet ɗin da ba zai ɗauke su ba da a layi ɗaya aka jera su. Na daɗe ina bin tarihin wannan sana'a, kuma abin da na fahimta shi ne, sayen babban inji shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen sa sauran sassan motar su iya ɗaukar abin da aka ɗora musu.

Asalin abin ya faro ne tun shekarar 1932, lokacin da kamfanin Ford ya fitar da injin V8 mai araha wanda talaka zai iya saya. Matasa suka riƙa ciro shi daga motocin da suka yi hatsari suna dasawa a tsofaffin motoci marasa nauyi. A 1955 kamfanin Chevrolet ya fito da nasa ƙaramin V8 mai lita 4.3, wanda zuriyarsa ta yaɗu har kamfanin General Motors ya yi bikin ƙera na miliyan 100 a 2011. Amma motar da akasari ake cewa ita ta buɗe ƙofa ita ce Pontiac GTO ta 1964. A wancan lokaci General Motors na da dokar cikin gida da ta hana sa injin da ya wuce lita 5.4 a matsakaitan motoci. Sai babban injiniyan Pontiac, John DeLorean, da abokan aikinsa suka ɗauko injin lita 6.4 na manyan motoci suka sa a motar Tempest, suka kuma sayar da shi a matsayin ƙarin kaya da mai saye ke zaɓa, don su kauce wa dokar. An yi tsammanin sayar da 5,000, sai ga shi an sayar da 32,450 a shekarar farko.

Abin da kamfani ya ƙi yi a fili, dillalai suka yi a garejinsu. Wani dillalin Chevrolet mai suna Don Yenko, a garin Canonsburg na jihar Pennsylvania, ya fara a 1967 yana karɓar sabuwar Camaro daga masana'anta, kanikawansa su sauke injinta su ɗora mai lita 7.0. Zuwa 1969 sai ya gano wata hanyar oda da kamfanin ya tanada domin motocin haya da na 'yan sanda, ya bi ta nan aka riƙa sa masa babban injin tun daga masana'anta.

To, yaya ake gina irin wannan inji? Amurkawa na kiran inji da lambar da ke nuna girman cikin silindojinsa bisa ma'aunin inci, saboda haka injin Chevrolet 350 daidai yake da lita 5.7. Sananniyar hanyar ƙara masa girma ita ce a mayar da shi 383, wato kimanin lita 6.3. Ana rarake kowace silinda da abin da bai kai milimita ɗaya ba, sannan a sa karanshaf mai dogon zango, yadda tafiyar fistan daga sama zuwa ƙasa za ta tashi daga kimanin milimita 88 zuwa 95. Da jin wannan mai karatu zai ɗauka abu ne mai sauƙi, alhali kuwa sabon karanshaf ɗin na sa sandunan fistan su buɗa har su taɓa jikin injin, sai an goge wurin da hannu. Haka kuma dole a auna nauyin kowane fistan da sandarsa a daidaita su da karanshaf, in ba haka ba injin zai riƙa karkarwa har ya ci kansa.

Bugu da ƙari, tazarar da ake bari tsakanin karanshaf da metal ɗinsa, inda baƙin mai ke ratsawa, ba ta wuce kimanin milimita 0.06 ba, kusan kaurin silin gashi guda. In ta yi kaɗan mai ba zai shiga ba, injin ya buga. In ta yi yawa ƙarfin man ya faɗi. Kowane noti yana da iya ɗaurin da aka ƙayyade masa, da sifana mai ma'auni ake ɗaure shi, kuma bi da bi. Sannan akwai batun matsin da fistan ke yi wa fetur da iska kafin fulogi ya ba da wuta: idan matsin ya fi ƙarfin ingancin fetur ɗin da ake samu a gidan mai, man zai riƙa kamawa ba bisa tsari ba, ya fasa kan fistan. Gwanin wannan aiki ya fi ɓata lokaci da abin awo da littafin rubutu fiye da guduma.

Idan an gama ginin inji, sai a zo batun wurin zama. A nan ko manyan kamfanoni sun sha wuya. A 1969 Ford ya so ya sa injinsa mai lita 7.0, wanda ake kira Boss 429, a cikin Mustang, domin dokar tseren NASCAR ta ce sai an sayar wa jama'a da injin kafin a shiga da shi gasa. Injin ya yi wa motar faɗi. Sai da aka riƙa kai motocin wani kamfani mai suna Kar Kraft a jihar Michigan, ana yanke mazaunin shokazoba na gaba ana matsar da shi waje, aka kuma mayar da batir cikin but. Waɗanda aka ƙera a shekara biyu ba su kai 1,400 ba. Mai yin wannan aiki a garejin gidansa irin matsalolin da zai tarar ke nan: kwanon baƙin mai ya tokare ƙarfen ƙasa, bututun salansa ya haɗu da sandar sitiyari, bonet ya ƙi rufuwa.

Amma inda ake yin asarar rai shi ne abin da ke biyo baya. Babban injin Chevrolet na ƙarfe ya ɗara ƙaramin da kimanin kilo 50, kuma duk nauyin a kan tayoyin gaba yake sauka, wanda ke sa motar ta riƙa ƙin shan kwana. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur ɗin da inji ya ƙona yana fita ne a matsayin zafi ta hanyar ruwa, don haka lagireton da aka yi wa ƙaramin inji ba zai iya da babba ba. Giyabos da kuloci da farfela da aksul ɗin baya, kowanne yana da iyakar murɗar da zai jure, shi ya sa masu sana'ar ke neman aksul ɗin Ford mai inci 9 da giyabos irin Turbo-Hydramatic 400, waɗanda suka yi suna wajen ƙarko. Sai uwa uba birki. Idan gudun mota ya ninka biyu, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da ita ninkawa huɗu yake yi. GTO ta 1964 da ake ta yabo, da ƙananan birkin dorom irin na Tempest ta fito, abin da ya jawo mata suka tun a lokacin.

Wanda ya fahimci wannan da kyau shi ne Carroll Shelby, tsohon direban tsere ɗan jihar Texas. A 1962 ya ɗauko ƙaramar motar AC ta Ingila ya sa mata V8 na Ford, aka samu Cobra. Da ya tashi sa mata injin lita 7.0 a 1965, sai aka sake shasin gaba ɗaya: aka ƙara kaurin manyan bututunsa daga inci 3 zuwa 4, aka canja tsarin sifirin, aka faɗaɗa bodin don ya ɗauki manyan tayoyi. Hausawa na cewa daidai ruwa, daidai tsaki.

Zamanin farko na motocin ƙwanji bai yi tsawon rai ba. Kamfanonin inshora sun ɗaga kuɗi a kan matasa masu irin motocin, dokar tsabtace iska ta 1970 ta matsa wa masu ƙera inji, sannan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 ya ƙarasa abin da ya rage. Sai dai sana'ar dasa inji ba ta mutu ba, ta shiga ƙarƙashin doka ne. A jihar Kalifoniya, alal misali, motar da dokar gwajin hayaƙi ta shafa ba a sa mata injin da ya girme ta, kuma sai injin ya zo da duk kayan tace hayaƙinsa, sannan jami'in da hukuma ta naɗa ya duba ya amince. Motocin 1975 zuwa baya an ɗauke musu gwajin, wanda na cikin dalilan da suka sa ake rububinsu.

A 1997 General Motors ya fito da sabon V8 mai suna LS1 a motar Corvette, na alminiyam, mai lita 5.7 da ƙarfin doki 345. Danginsa sun cika motocin ɗaukar kaya, saboda haka suna da araha a wuraren sayar da gwangwan, kuma ba su da faɗi. Wannan ya sa suka zama injin da aka fi dasawa, sai dai yanzu bakanike na buƙatar sanin wayoyi da kwamfutar inji, wadda ta gaji aikin kafireto. Kamfanonin ma sun shiga kasuwar, suna sayar da sabon inji a cikin akwatin katako. A 2018 Mopar, sashen kayayyakin gyara na motocin Dodge, ya nuna wani mai suna Hellephant mai ƙarfin doki 1,000. A Disambar 2023 aka daina ƙera Dodge Challenger da Chevrolet Camaro, amma tsofaffin na nan a hannun jama'a ana ta yi musu aiki.

Akwai taƙaddamar da har yau ba ta ƙare ba a tsakanin masu motocin. Wani ɓangare na ganin motar da lambar injinta ta yi daidai da wadda ta fito da ita daga masana'anta kayan tarihi ce, kuma kasuwa na goyon bayansu, domin a 2014 an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a birnin Seattle. Ɗaya ɓangaren na cewa an yi mota ne don a hau. A ganina duka biyun na da gaskiya a muhallinsu. Motar da ba ta da yawa a duniya a bar ta yadda take, wadda kuwa aka ƙera dubbanta, mai ita na da damar sake mata inji, muddin ya ajiye na asalin ya kuma faɗa wa mai saye gaskiya.

Mu ma a nan Arewa sauya inji ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san kullum ana sayen inji ɗan Beljiyam ana ɗora wa mota, wani lokaci ma na wani samfurin daban, duk da cewa mu neman sauƙi muke yi, su kuwa neman gudu. Basirar kanikawanmu ba abin shakka ba ce. Abin da nake kira ga masu motoci, musamman mu da muka yi karatu muke kuma biyan kuɗin aikin, shi ne mu riƙa tambayar abin da ya wuce farashin inji. Shin lagireton zai iya da shi? Giyabos ɗin nasa ne ko haɗa-haɗa aka yi? An duba birki? An gyara lambar injin a takardun mota? Bakaniken da ya ce a ƙara kuɗi domin waɗannan abubuwa ya cancanci a saurare shi, domin iyalinmu ne za su zauna a kujerar baya ranar da motar za ta hau hanyar Kaduna zuwa Abuja.